Cutar Lupus: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa, a wannan wata za mu yi nazari a kan wata cuta wadda ta kan ɓoye cikin gidajenmu. Mace ta kan yi ta fama da gajiya, da zazzaɓi, da ciwon gaɓoɓi. Gashinta yana zuba, bakinta yana miki. An sha maganin sauro sau uku, ba sauƙi. Sai wani ya ce ragwanci ne, wani ya ce kuturta ce ko sammu. Da haka a kan raba aure, ga shi kuwa matar ba ta da laifi.

Mece ce ita? Likitoci suna ce da ita lupus, watau kyarkeci da harshen Latin. An halicci jikinmu da dakaru cikin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo dakarun su kan ruɗe, su juya kan jikin da su ke tsaro, su taɓa fata, da gaɓoɓi, da ƙoda. Cikin masu ita 10, wajen 9 mata ne, yawanci daga shekara 15 zuwa 45. Wata alama ita ce tabo bisa hanci da kumatu, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ba a ɗaukanta ta wurin cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

Magani. A 1948 wani likita a Amurka, Malcolm Hargraves, ya gano alamarta cikin jiki, gwaji ya soma sauƙi. Har yau ba a sami abin da ke kawar da ita sarai ba, amma akwai mai kwantar da ita, hydroxychloroquine, ɗan'uwan maganin sauro. Wanda ya ga alamun nan ya tafi babban asibitin Kazaure, in ya zama dole a tura shi asibitin koyarwa na Aminu Kano.

Namu aikin a gida.
1. Rana tana ta da ciwon. Matanmu na Roni da Gwiwa masu noma su yi sammako, su bar gona daga hantsi har la'asar. Mai zuwa kasuwar Babura ta sa malfa da riga mai dogon hannu.
2. Isasshen barci, da 'yar tafiya da sanyin yamma.
3. A rage gishiri, a ƙara ganye, da wake, da kifi. A bar taba.
4. A guji jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla, gama suna iya ɓata ƙoda. Kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa, a gaggauta zuwa asibiti.
5. Kada a yanke magani domin an ji sauƙi. Batun ɗaukar ciki kuma a shawarci likita tukuna.

Waɗannan duka taimako ne, ba su maye gurbin magani ba. Mu kuwa a ekklesiya, zumunta a ƙafa ta ke. Zumuntar mata ta ɗebo mata ruwa, samari su yi mata gayya a gona, dattawa su yi wa mijinta gargaɗi ya riƙe ta.

Tambayoyi
1. Don me ba za mu ware mai lupus ba?
2. Wace ce a cikinmu ta daɗe da ciwo, ba mu gaishe ta ba?