GUDUMA MAI FASA DUTSE

Karatu: Irmiya 23:23-32

Da wuya a sami gidan da babu guduma. Da ita ake kafa ƙusa, a gyara ƙofa, a miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe. Ta kafinta ba ta cika wuce rabin kilo ba, kuma bayanta a rabe yake biyu domin zare ƙusar da ta karkace. Maƙeri yana da masabarsa. Mai fasa dutse kuwa, tasa takan kai kilo 4 ko 5, sai da hannu biyu.

A aya ta 29, Ubangiji ya kwatanta maganarsa da abu biyu: wuta, da guduma mai farfasa dutse. Ya faɗi haka ta bakin Irmiya a kan annabawan ƙarya, waɗanda suke yi wa mutanen Yahuza alkawarin salama alhali suna cikin zunubi. Maganarsu mai taushi ce, ba ta fasa kome ba. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka rushe Urushalima kamar yadda Irmiya ya gargaɗe su.

Me ya haɗa wuta da guduma? Je ka wurin masu fasa dutse ka gani. Sukan hura wuta a kan dutsen da itace ko tsofaffin tayoyi. Zafi ya sa saman dutsen ya buɗe fiye da cikinsa, sai ya tsage. Bayan haka ne guduma takan bi tsagar. Bari mu koyi abu uku daga wurinsu.

Na ɗaya, ƙarfin guduma yana cikin nauyin kanta. Gwani yakan riƙe ta can ƙarshen ƙota, ya ɗaga, ya bar nauyin ya sauka. Wanda bai iya ba yakan shaƙe ta kusa da kai, ya yi ta bugu da fushi, ya gaji, ya lanƙwashe ƙusa, ya kuma buge yatsansa. Haka waɗansunmu suke yi da Maganar Allah a gida. Mukan jefi mata ko 'ya'ya da ayoyi cikin tsawa, muna tsammani zafinmu ne zai tuba da su. Yakubu 1:20 ya nuna mana fushin mutum ba ya haifar da adalcin da Allah yake so. Ka faɗi gaskiya a hankali. Nauyinta ya isa.

Na biyu, dutse ba ya fashewa da bugu ɗaya. Mai fasawa yakan yi ta dukan wuri guda, ba a ganin kome a waje, amma tsaga tana tafiya a ciki. Irmiya ya yi shekara 23 yana magana ba a saurare shi ba (25:3), duk da haka bai ajiye gudumar ba. Ko kana da ɗa, ko ɗan'uwa, wanda ka fid da zuciya a kansa? Kada ka daina addu'a da gargaɗi cikin ƙauna. Ba ka san bugun da ya rage ba.

Na uku, dubi ƙotar. In kan guduma yana girgiza, zai iya fita ya ji wa na kusa rauni. Waɗansu sukan tsoma ta a ruwa don itacen ya kumbura, amma da ya bushe sai ta sāke kwancewa. Maganin shi ne a buga mata tsinken ƙarfe ta kama sosai. Kai ne ƙotar. In halinka bai kama da abin da kake faɗi ba, maganar za ta zama abin tuntuɓe ga masu jinka, kuma ɗokin ran Lahadi kaɗai ba zai gyara wannan ba. Bari gudumar ta fara sauka a kan zuciyarka.

Tambaya: Wane dutse ne a zuciyarka kake kārewa daga Maganar Allah? Wa ka daina yi wa addu'a?

Addu'a: Ya Uba, ka farfashe taurin zuciyata. Ka ba ni haƙuri da tawali'u in riƙe maganarka daidai. A cikin sunan Yesu. Amin.