Kafin ka nufi Ewaninga

Kimanin kilomita 35 kudu da garin Alice Springs, a tsakiyar hamadar Ostireliya, akwai wasu jajayen duwatsu a bakin wani fako da ke riƙe ruwa bayan an yi ruwan sama. Nan ne Ewaninga, wurin da masu ƙasar, mutanen Arrernte, ke kira Napwerte. Ruwan ne ke jawo dabbobi da tsuntsaye, su kuma mutane su yada zango, har su sami sukunin sassaƙa duwatsun.

Wanda ya san zanen raƙuman dawan Dabous na yankin Agadas kada ya sa ran ganin irinsu. A nan da'irori ne, da layuka, da sawun dabbobi, an ƙwanƙwasa su a jikin dutse. Da tsakar rana da ƙyar ido ke kama su. Ka yi sammako, ko ka bari sai bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata inuwa ta cika ramukan, sai zanen ya fito sarai. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce, kuma ita aka fi watsarwa.

Ma'anar zanen sirri ne na dattawan Arrernte, ba a faɗa wa baƙo. Kada ka matsa wa ɗan rakiya da tambaya, rashin ladabi ne. Ba a hawa duwatsun, ba a taɓa su, ba a zuba musu ruwa don hoto ya yi kyau. Dokar kare wurare masu alfarma ta 1989 tana hukunta mai ɓarna.

Daga Afrilu zuwa Satumba ne lokacin zuwa. Can sanyinsu a Yuni da Yuli yake, dare na iya kaiwa sifili, a Janairu kuwa zafi kan haura digiri 40. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha, da malafa, da ragar fuska, don ƙudajen wurin ba su da kunya. Hanyar zuwa wurin, Old South Road, ta ƙasa ce, ruwan sama kan lalata ta, saboda haka ka tambayi halinta kafin ka bar gari, ka kuma sayi izinin shiga wurin ta intanet.

Idan da sauran lokaci, kwazazzabon N'Dhala, tafiyar kilomita 90 gabas da Alice Springs, yana da zane kusan 6,000. Sai dai ƙarshen hanyar na ratsa yashin kogin Ross, ƙaramar mota ba ta shiga.