Kunne ba ya sabawa da ƙarar injin: yadda za ka tsare jinka a Tudun Wada

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar na'ura. Ka tsaya a wurin da kake yini, shagon walda ne, ko gaban injin markaɗe, ko rumfar cajin waya da janareta ke ruri a bayanta. Ka sa wani ya tsaya nesa da kai da tsawon hannu ɗaya, ku yi magana. In sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai matakin da ke cin kunne. Daga Ƙofar Doka zuwa Agoro, daga kasuwar Tudun Wada zuwa hanyar Kongo, wurare da yawa za su faɗi wannan gwaji, kuma in ka yi wa masu wurin magana amsarsu ɗaya ce: "Ai mun saba."

Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram. Ƙwaƙwalwa tana iya daina kula da ƙara, amma kunne yana nan yana shan duka. Sau da yawa abin da ake kira sabo, jin ne ya fara raguwa.

Sauti motsin iska ne. Duk abin da ke kaɗawa yana tura iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta tura ta gaba, har turin ya iso kunne da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. A ƙarshen ramin kunne akwai dodon kunne, fata siririya ɗaure tamau, faɗinta kusan santimita ɗaya. Bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa uku, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Aikinsu su tattara motsin faffadar fatar nan su danna shi a kan wata 'yar mitsitsiyar taga, ta haka ƙarfin dannawar ya ninka kusan sau 20. Dole a yi hakan, domin bayan tagar ruwa ne, kuma sauti ba ya shiga ruwa daga iska cikin sauƙi. Ruwan yana cikin wani murɗaɗɗen bututu mai siffar katantanwa. A cikinsa ne ƙwayoyin ji suke jere, kusan 16,000 a kowane kunne, kowace da 'yan siraran gasu a kanta. In ruwan ya motsa gasun suka lanƙwasa, sai ƙwayar ta saki siginar lantarki, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. A can ne ake gane cewa kiran salla ne ko kukan jariri ko hon ɗin mota.

Wanda ya gano yadda bututun nan ke rarrabe sautuka ba likita ba ne. Georg von Békésy masanin fiziks ne da ke aiki a ɗakin binciken tarho na hukumar gidan waya a Budapest, ƙasar Hangari, kuma aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1961. Ya nuna cewa kowane sauti yana da mazauninsa: siririn sauti yana kaɗa bakin bututun, mai kauri kuma yana wucewa can ciki. Kunnen yaro lafiyayye yana jin abin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Ƙarar injin kuwa ta fi fara ɓarna a wajen masu kaɗawa sau 4,000, wato ɓangaren siraran sautuka.

Wannan ne ya sa cutar take shiga a ɓoye. Kaurin murya da hawa da saukarta suna ƙasa, ba a taɓa su da wuri. Amma sautuka irin su s da sh da ts da f suna sama, su ne ke fara dushewa. Sai ka ga magidanci yana jin ana magana sarai, amma yana ta cewa "Na'am? Me ka ce?", musamman a wurin ɗaurin aure ko cikin kasuwa, kuma muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala. A gida a ce ya cika miskilanci, ko ya tsufa, alhali bai kai hamsin ba.

Gasun nan na ƙwayoyin ji kamar ciyawa suke a kan hanya. In an taka ta sau ɗaya, kafin safe ta miƙe. In aka mayar da wurin turba, kullum ana bi, sai ta mutu ƙasa ta fito fili. Toshewar da kake ji bayan ka dawo daga biki, da siririn kukan da ke tashi a kunne in dare ya yi tsit, alamar an taka ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kaza da kifi in ƙwayoyin jinsu suka lalace sababbi suna fitowa, amma na mutum ba sa dawowa. Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo da ke tsirar da su. Da abin da aka haife ka da shi za ka yi ta lallaɓawa har ƙarshen rayuwa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, don haka lokacin da za ka iya jurewa ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15 kacal. Injin yankan ƙarfe na hannu da na yankan katako suna kaiwa 100 ko su wuce, haka ma tsayawa a gaban babbar lasifikar biki. Yaron da ke koyon walda kan cinye rabonsa na yini kafin a kawo kokon safe.

To me za a yi, tunda ba za a rufe shago ba, wuta kuma ba ta zama balle a ajiye janareta?

Abu na farko kusan kyauta ne, wato nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da injin, ƙarar tana raguwa da desibel 6. Janaretan da ke mita 1 daga kujerarka, in ka mayar da shi mita 4, ka rage desibel 12, ka ninka lokacin da kunnenka zai iya ɗauka sau 16. Kuɗin da za ka kashe na 'yar doguwar waya ne. Ka ɗora shi a kan tsohuwar taya don kada girgizarsa ta bi ƙasa da bango, ka juya salansa waje, in da hali a sa katangar bulo tsakaninku. Kwano ba ya tare ƙara, kaɗawa yake yi ya ƙara mata. Amma kada neman sauƙin ƙara ko tsoron ɓarawo ya sa a shigar da janareta ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Ga iyaye mata ina da roƙo na musamman. In kin je markaɗe da goyo, ki miƙa bokiti ki ja baya taku goma, kada ki tsaya a bakin injin kina jira, kan jaririn yana daidai da bel. Yarinyar da ake aika niƙa kullum ita ma a koya mata haka. A wurin biki ko maulidi ko wa'azi, yara sun fi son zama a gindin lasifika. A tashe su. Masu kula da lasifikar masallaci da na Islamiyya, Allah Ya saka muku da alheri, ku ɗaga ta sama ku karkatar da bakinta daga tagar maƙwabta. In aka rage ƙarfi kaɗan, muryar takan ma fi fita tas, domin lasifikar da aka ƙure tana yaga sauti.

Wanda hannunsa ke kan injin ba shi da damar ja da baya, nasa maganin toshe kunne ne. Auduga ko tsumma ko takarda ba sa rage abin kirki. A nemi matoshin kunne na soso a kantin magani ko wurin masu sayar da kayan aiki, ba shi da tsada, kuma in an sa shi daidai yana iya rage desibel 15 zuwa 30. Yawanci a wurin sawa ake kuskure. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, ka zagayo da ɗayan hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka zura, ka riƙe da yatsa rabin minti har ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna, za ka ji muryarka ta yi kauri a cikin kanka. In ya yi datti ko ya daina kumbura, a canza. Masu cewa ba za su ji mai saye ba, su gwada tukuna: matoshin yana rage ƙarar injin tare da maganar, kuma mai lafiyayyen kunne yakan ji magana ba tare da wata matsala ba. Maigidan shago, wannan nauyi a wuyanka yake. Iyayen yaran nan amana suka ba ka. Ka saya musu, ka fara sawa da kanka don kada su ji kunya, ka riƙa juya su a kan injin mai ƙara, kada yaro ɗaya ya yini a kai don shi ne ƙarami.

Ɗaliban jami'a da ke Kongo da na kwalejin Nuhu Bamalli da sauran matasa, naku injin yana cikin aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, kuma iyakar da ta ba manya ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Waya in an ƙure ta da iyafis tana iya kai 100. Kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautinta, ka riƙa cirewa kana hutawa, kada ka kwana da shi a kunne ko da karatu kake ji. A cikin Keke Napep ne aka fi ƙurewa don a danne ƙarar hanya, to a nan gara a dakatar. Kuma ka cire kafin ka tsallaka titi. Ƙwaƙwalwa tana gane inda babur ya fito ne ta hanyar auna wane kunne sautin ya riga isa, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. In ka toshe kunnuwa ka raba ta da wannan ma'auni.

Akwai ɓarnar da ba ta injin ba ce. Mari a kan kunne yana danna iska cikin ramin a lokaci guda, ba ta da wurin fita sai ta fasa dodon kunne. Malamai da iyaye, duk laifin da yaro ya yi, a bar masa kunnensa. Tsinke da ashana da gashin kaza da tsinken auduga tura datti ciki suke yi, wani lokaci su huda fatar. Kunne yana fitar da dattinsa da kansa, goge bakin da ƙyalle ya wadatar. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da mugunya. Allurar jentamaisin da ta sitireptomaisin suna iya lalata ƙwayoyin ji, don haka ba abin karɓa ba ne a kemis ba tare da takardar likita ba. Yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda a gwada jinsa, ko da ya warke sumul.

Wasu alamun ba a jira da su. In ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ka je asibiti a ranar, domin maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Haka jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko wanda ya kai shekara ba ya gwalantu ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Kada a ce nauyin baki ne na gado a zauna. Ƙwaƙwalwar yaro da sauti take gina harshe, kuma shekarun farko ne lokacin ginin.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga nan Tudun Wada ya koma Shika a 2005, yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Gwajin ba ya da zafi: a sa maka abin sauraro a ɗaki mai shiru, a riƙa sako sautuka sirara da masu kauri, kana ɗaga hannu in ka ji, sannan a zana sakamakon a takarda. Ka gaya wa likita irin aikinka, da shekarun da ka yi a kai, da magungunan da ka taɓa sha. Ka adana takardar. Mai aiki cikin ƙara ya kamata ya sake gwajin duk shekara, a ɗora sabuwar a kan tsohuwar a ga ko layin ya fara sauka a wajen masu kaɗawa sau 4,000.