Darasi: Naman Kaza Ko Laimar Kwaɗi?

'Yan'uwa manoma, in damina ta zauna, naman kaza yakan fito a kurmi da gindin itatuwa, mata da yara su ɗebo domin miya. Amma akwai mai dafi da ke kama da mai kyau ƙwarai. To, me za mu duba?

1. Mu tono shi duka da wuƙa, kada mu karya shi. In gindinsa yana cikin wata jaka kamar ɓawon ƙwai, ga zobe a wuyansa, ƙarƙashin laimar kuma fari fat, mu bar shi. Dangin Amanita ke nan. A cikinsu akwai wanda guda ɗaya yakan kashe babban mutum.

2. Mu yanke laimar, mu kifa ta bisa farar takarda ta kwana. In ta zubar da gari kore-kore, mai sa amai da zawo ne.

3. Kada mu ce tun da tsutsa ta ci, mu ma za mu ci. Tafasawa da shanyawa kuma ba sa kashe dafin Amanita.

Mu lura, dafin nan ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24. Amai da zawo su zo su lafa, mutum ya ce ya warke, alhali hantarsa tana lalacewa. Saboda haka duk wanda ya ci, mu kai shi asibiti nan da nan, tare da ragowar.

Wanda ba mu sani sarai ba, kada ya shiga tukunya.

Don tattaunawa a taron ƙungiya: waɗanne iri ne tsofaffin ƙauyenmu suka hana ci?