Raha da Soyayya a Labaran Matattu Masu Shan Jini: Nazarin Undead and Unwed

Gabatarwa

Tun fitowar Dracula na Bram Stoker a 1897, adabin Turai ya ɗauki mamacin da ke tashi ya sha jinin mutane a matsayin abin firgici. Wannan maƙala ta duba yadda marubuciyar Amurka, MaryJanice Davidson, ta juya wannan dodo ya koma abin dariya da ƙauna a littafinta Undead and Unwed, bugun 2004.

Jigo da Salo

Tauraruwar labarin, Betsy Taylor, ta rasa aikinta, mota ta kaɗe ta, sannan ta farka a cikin akwatin gawa. Abin da ya fi mutuwar ƙona mata rai shi ne takalma masu arha da matar ubanta ta sa mata. A nan rahar take: babban al'amari ya zo, hankalin tauraruwa yana kan ƙarami. Da yake da bakinta take ba da labarin, mai karatu yakan ji tsiwarta kafin ya ji tsoro. Haka ma soyayyarta da Eric Sinclair da faɗa ta faro.

Kammalawa

Kuskure ne manazarci ya kira Betsy fatalwa, domin tana da jiki, tana jin ƙishi, tana soyayya. Ba mayya ba ce kuma, don maye rayayye ne mai kama kurwa. Duk kwatancen da za a yi da labaran soyayya na Hausa masu aljanu, dole ya fara daga wannan bambanci.