Tambaya da Amsa: Cefin Dish ko Kula a Walimar Biki?

TAMBAYA

 Za mu aurar da 'yarmu ta fari a nan Wudil cikin hunturun nan. Ranar Juma'a za a ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci, dangin ango kuma daga cikin birni za su taso. Ƙanwata ta dage sai mun sayi kwanukan nan na silba da ake kunna wa wuta a ƙasa, wato cefin dish, wai kula ta zama tsohon yayi. Ni kuma a bikin wata maƙwabciyarmu na ga an jera su reras, amma shinkafar a sanyaye muka ci. In saya ne, ko in tsaya a kan kulolina?

Uwar amarya, Wudil

AMSA

 Allah ya nuna mana lokacin lafiya.

Bari in fara da shinkafar maƙwabciyarki, domin amsar duka tana cikinta. Kusan na tabbata sai da ta huce aka zuba ta. Cefin dish ba ya girki, ba ya kuma ɗumame. Kwano biyu ne, wani cikin wani: na ƙasa na ruwa, na sama na abinci. 'Yar wutar gwangwanin nan ruwan take zafafawa, tururinsa kuma ya riƙe abincin a kan zafin da ya zo da shi. Don haka tafasasshen ruwa za a zuba, zurfinsa kamar gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, a kunna wuta a rufe na minti 15, sannan a juyo abinci daga tukunya yana turiri. Wanda ya zuba ruwan randa, gwangwaninsa zai ƙare wajen ɗumama ruwa, baƙi su ci sanyi.

Ranar da kuka tsayar ma abin dubawa ce. Juma'a kasuwar Wudil ke ci, kin fi ni sanin yadda motocin shanu ke cushe bakin gada. Tsakaninku da birni wajen kilomita 40 ne, amma wanda ya ce ƙarfe 2:30 zai iso, kada ki yi mamakin ganinsa bayan La'asar. Gwangwanin da mansa ke da kauri kuwa yawanci awa 2 yake ci, mai lagwani ne ke kai awa 4 zuwa 6. Ki tanadi ƙari, kuma kada a kunna sai dangin ango sun bugo waya sun ce sun wuce Mariri.

Maganar ta wuce daɗin baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 na zafi har a ci, kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ɗumi-ɗumin nan da muke cewa ai bai huce ba, a cikinsa ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Shinkafa ta fi shiga haɗari: akwai wata ƙwaya, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita, in shinkafa ta daɗe a ɗumi sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shi ne ki ji bayan biki mutane na amai ana ɗora laifin a kan zoɓo. Idan kwano ya kusa ƙarewa, a ɗauke shi a sa sabo, ban da zuba sabon abinci a kan tsoho.

Ba kowane abincinmu ne ke son tururi ba. Dafa-duka, farfesu, miyar taushe, dambu da alkubus suna zama lafiya, muddin ana juya mai juyuwa lokaci-lokaci. Soyayyen kifin kogin Wudil, wanda na san dangin ango za su sa rai da shi, laushi zai yi ya saki jiki. A soya shi daf da ci, a kawo a tire. Waina ma haka. Tuwo kuwa malmala a leda, leda a kula, har yau ban ga abin da ya fi wannan ba.

Sai wuta. Da rana harshenta da ƙyar ake ganinsa, iskar hunturu kuma tana kashe ta ba wanda ya lura. A kafa teburi inda iska ba ta kaɗawa, a sa babbar mace guda ta tsare shi, saboda bakin mayafi da hannun yara. Ba a ƙara wa gwangwani mai yana ci, ba a hure shi da baki, murfinsa ake kifa masa. Man ciki guba ne, a kwashe gwangwanayen kafin yara su mayar da su abin wasa.

Shawarata, kada ki saya. Abin da sai biki ko suna ake fito da shi, hayarsa ta fi. Ki ɗauki uku ko huɗu wajen masu girkin biki don rumfar dangin ango, inda kowa zai ɗiba da kansa. Abincin cikin gida da wanda za a aika wa maƙwabta da gidan surukai aikin kula ne: a ɗauraye ta da ruwan zafi, a cika ta fal, a bar yawan buɗewa. Ki gaida ƙanwar taki, ki ce ita za a ba tsaron teburin. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.