Murhun maƙeri

Tsarnawa tana gabas da Birnin Ƙwanni, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya. Manoman albasa da na hatsi suna bukatar hauya da gatari da lauje. Maƙeri ne yake ƙera su.

Ƙarfe ba ya ƙeruwa sai ya yi ja wur. Shi ya sa maƙeri yake zuba gawayin ƙirya a murhu, yaronsa yana zuga wuta da zuga-zugi. In murhu bai riƙe zafi ba, gawayi zai ƙare a banza. Ga shi kuwa itacen ƙirya yana ƙaranci a daji.

Akwai dabara. A kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, a shafe cikin murhu. In wuta ta kama, ƙaiƙayin zai ƙone, ya bar ƴan ramu cike da iska. Wannan iska ita ce take hana zafi gudu.

A Turai da Amurka, wasu maƙera suna shimfiɗa wani farin abu mai kama da auduga cikin murhunsu. Da narkakkar farar ƙasa ake yin sa. Yana jure zafin digiri 1260. Amma ƙurarsa tana cutar da huhu. Dole mai aiki da shi ya rufe hanci da baki.

Tambayoyi
1. Don me ake sa ƙaiƙayi cikin yumɓu?
2. Mene ne haɗarin farin abun nan?

Aiki
Ku je maƙera, ku zana murhu da zuga-zugi.